Hitar banɗakin Hajiya ta fara jan wuta, maigida ya ce a ƙara haƙuri

Anti, assalamu alaikum. Ina zaune a Unguwar Rimi, Kaduna, da maigidana da yaranmu huɗu da mahaifiyarsa. Hitar da ke banɗakin Hajiya tun gina gidan aka sa ta, shekara 13 ke nan, kuma sau biyu ana canza mata elemen, wato ƙarfen da ke dumama ruwan. Tun damina ruwan zafin yake fitowa ja-ja, tsatsa kuma ta ja layi a jikin tayil daga ƙarƙashinta. Da ɗiga ta dame mu, falamba ya zo ya toshe wani ɗan bakin ƙarfe da ke jikin bututun, ɗigar wajen ta tsaya, amma har yanzu gindin hitar a jiƙe yake. Makon jiya ina tara wa Hajiya ruwan alwala, na kama kan famfo sai na ji zirr har gwiwar hannu. Tun kafin nan na yi wa maigida maganar sabuwa, ya ce tunda tana ba da ruwan zafi a bari sai an fita daga kuɗin makaranta, Allah ne mai tsarewa. Ban gaya masa maganar jan wutar ba, don kada ya ce na ƙirƙira ne in samu abin da nake so. Ga sanyi ya shigo, Hajiya ba ta iya taɓa ruwan sanyi da asuba. In sa a sake gyarawa ne, ko in ɗauki kuɗin adashena in sayo sabuwa ba da saninsa ba?

Matar gida, Unguwar Rimi

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Ajiye wayar nan tukuna, ki je ki kashe makunnin hitar da ke ƙofar banɗakin. Daga nan ki wuce inda birekokin gidan suke ki sauke nata, ki manna masa salatif yadda yaro ko 'yar aiki ba za su ɗaga ba da kuskure. Idan ba ki san wanne ne nata ba, a rufe banɗakin yau, Hajiya ta yi amfani da naku har mai aikin wuta ya zo ya cire wayoyin hitar gaba ɗaya. Na ce a haɗa da bireka ne saboda a gidaje da yawa ana juya wayoyi wajen haɗi, sai makunni ya nuna a kashe alhali wuta na nan kwance a jikin na'urar. Kuma don Allah kada ki sake kai hannu don ki gwada ko har yanzu tana ja. Wannan aikin na'urar awo ne.

Abin da kika ji a hannunki ya fi duk sauran abin da kika lissafa nauyi. Wutar gidajenmu bolt 230 ce. Busasshiyar fata tana ɗan tare ta, amma jiƙaƙƙen hannu da ƙafa ba takalmi a kan jiƙaƙƙen tayil hanya ce a buɗe, kuma 'yar wuta kaɗan, wadda ba ta kai ta kunna tsohon ƙwan fitila ba, ta isa ta rikita bugun zuciya. Ke kin ji zirr kin fizge hannu domin kina da ƙarfinki. Ki tuna wadda take shiga ɗakin nan kullum da duhun asuba: dattijuwa, hannu da ƙafa duk a jiƙe, mai yiwuwa ma kan famfon take dafawa ta miƙe. Ko wutar ba ta yi mata illa kai tsaye ba, firgitar kaɗai ta isa ta kayar da ita, kuma karayar ƙugu ga tsohuwa ba ƙaramin al'amari ba ne.

Jan wuta yana nuna abu biyu ne a tare. Wuta ta sami hanyar fita daga inda aka killace ta, yawanci don bawon elemen ya tsage ruwa ya taɓa wayar ciki, ko ruwan da ke ɗiga ya jiƙa mahaɗar wayoyi a ƙarƙashin murfi. Sannan wayar at, mai launin kore da ɗorawa, wadda aikinta shi ne ta kwashe irin wannan wuta ta kai ƙasa, ko dai ba a haɗa ta ba tun farko ko ta tsinke ko sandar ƙarfenta da aka binne a ƙasa ta ruɓe. Wannan na biyun matsalar gidan ce, ba ta hita kaɗai ba. In an ɗaura sabuwa fil a kan wayoyin nan ba a gyara at ba, ranar da nata elemen ya tsage za a koma gidan jiya.

Yanzu ga tambayarki ta gyara. Hita irin ta bango tanki ne na ƙarfe da aka shafe cikinsa da wani fenti mai kamar gilashi, irin na kwanukan samira da iyayenmu ke jere da su. Kin san samira: muddin fentin na nan lafiya lau take, amma da zarar ya ɓantale a wuri guda, daga nan tsatsa ke kamawa har ta huda. Zafi da sanyi na kullum suna sa fentin cikin tankin ya yi ƙananan tsagu. Masu ƙera ta sun san da haka, shi ya sa suke sa wata sanda ta ƙarfen magnesiyam a ciki, wadda ruwa ke ci a maimakon ya ci tankin. Sandar tana ƙarewa. Ƙa'ida ita ce a duba ta duk shekara ɗaya ko biyu a canza in ta cinye, amma a garin nan da wuya ki sami gidan da aka taɓa yin haka, da yawan masu gyara ma elemen kawai suka sani. Idan sandar ta ƙare, ruwa ya juya kan tankin. Shi ya sa ake ƙiyasta rayuwar irin wannan hita tsakanin shekara 8 zuwa 12. Taku ta yi 13, kuma ban ji kin ambaci an taɓa canza sandar ba.

Elemen ana canza shi. Tamostat, wato abin da ke yanke wuta in ruwa ya kai zafin da aka saita, ana canza shi. Robar da ke bakin murfin elemen, da bawul, da mahaɗar bututu, duk ana canza su da kuɗi kaɗan, kuma da hitarku 'yar shekara huɗu ce da ɗayan waɗannan ya lalace, da na ce kada ki damu maigida da maganar sabuwa. Tankin ne kaɗai ba shi da gyara. Za ki iya samun mai walda a Panteka ya ce zai like miki, kuma zai like ɗin, amma zafin waldar yana ƙona fentin da ke kewaye da wurin, ga ƙarfen ya riga ya yi siriri ta ko'ina. Bayan 'yan watanni sai ta ɓulle ta wani gefen.

Yadda za a tabbatar ba wuya. Bayan an cire wuta, a goge ƙarƙashinta da busasshen tsumma a jira a ga daga ina ruwan ke tsattsafowa. In daga mahaɗar bututu ne ko bakin murfin elemen, da sauran zance. In daga cikin rigar hitar yake gangarowa, ta wajen haɗin ƙarfe, yana tafe da tsatsa, tankin ya huje. Sai kuma ki ɗauki farin bokiti biyu, ki tari ruwan ɓangaren sanyi a ɗaya, na ɓangaren hita a ɗaya. Mu a Kaduna jan ruwa ba baƙon abu ba ne, musamman da damina, ko na famfo ne ko na burtsatse, ga tsofaffin gidaje masu bututun ƙarfe. Idan duka biyun ja ne, laifin daga tushen ruwan ne ko tankin sama yana son wanki. Idan na sanyi fari tas ne na hita ne kawai ja, to cikinta kike gani a bokitin. Da abin da kika faɗa, layin tsatsa a tayil da gindi a jiƙe da shekara 13, ni ban ga abin gyarawa a nan ba. Elemen na uku a cikin hujajjen tanki zubar da kuɗi ne.

Akwai abin da ya tayar min da hankali a wasiƙarki wanda ke kika ambata a wuce, wato ɗan bakin ƙarfen da falamba ya toshe. Bisa yadda kika kwatanta, bawul ɗin kariya ne, wanda ke kan bututun da ruwan sanyi ke shiga. Ruwa in ya yi zafi yana kumbura, tankin kuma a rufe yake, don haka aka yi wannan bawul ya riƙa sakin 'yan ɗigo idan matsi ya yi yawa. Ɗigarsa lokacin da hita ke aiki ba lalacewa ba ce, aikinsa ke nan, abin da ake yi shi ne a sa masa siririn tiyo ya kai ruwan magudana. In yana zuba ba tsayawa, sai a sayi sabo. Toshe shi kuwa babban ganganci ne. Ranar da tamostat ya maƙale, kuma tsohon tamostat yana maƙalewa, elemen zai ci gaba da dafa ruwan har ya wuce digiri 100 ba tare da ya sami hanyar fita ba. Ruwa idan ya rikiɗe tururi yana neman wuri fiye da ninki 1,600 na girmansa. Tankin da tsatsa ta cinye ba zai riƙe wannan ba, kuma in ya fashe ba tsiyaya yake yi ba, bango yake rushewa. Duk mai karanta wannan da aka taɓa toshe masa wannan bawul don a huta da ɗiga, ya kashe hitarsa har a buɗe shi. Ke kuma, wannan falamban kada ya zama shi zai ɗaura muku sabuwa.

Sai mu zo kan maigida, domin na lura ainihin abin da ya hana ki barci ke nan. Ƙanwata, ba ki kyauta ba da kika ɓoye masa maganar jan wutar, kuma na faɗa miki ne don ina ganin kin ɗauki nauyin da ba naki ba ne ke kaɗai. Na fahimci dalilinki. Mace ba ta son a ce ta cika ƙorafi, balle a kan kuɗi, a lokacin da ta san abin da mijinta ke fama da shi. Amma ki duba abin da shi ya sani. An ce masa tsohuwar hita tana ɗiga, ruwanta ya yi ja. Mutumin da kuɗin makarantar yara huɗu ke gabansa, ya ji wannan ya ce a ƙara haƙuri, bai yi rowa ba, lissafi ya yi da abin da aka ba shi. Ba a gaya masa cewa famfon da mahaifiyarsa ke kamawa kullum yana ɗauke da wuta ba. Ba na jin akwai ɗan da zai ji wannan ya ce a bari sai bayan kuɗin makaranta. In kuma, Allah ya kiyaye, wani abu ya faru, sannan ya gano kin sani tun mako guda kika yi shiru, wace amsa za ki ba shi, wace za ki ba 'yan'uwansa?

Ki gaya masa yau, ba sai kin jira ranar da ransa ya yi fari ba. Ki bari ya ci abinci, ku kaɗaita, ba a gaban yara ba, ba a gaban Hajiya ba. Kada ki buɗe da kalmar saye ko kuɗi. Ki faɗi abin da ya faru yadda ya faru, da ranar da wurin da kika taɓa, ki ba shi haƙuri a kan jinkirin, ki ce kin kashe ta don tsoron lafiyar Hajiya, kina so ya kira mai aikin wutar da shi ya yarda da shi ya auna. Ki bar masa zaɓen mutumin. Idan mai aikin ya sa na'urarsa ya nuna masa da idonsa, maganar ta tashi daga ra'ayin matarsa ta koma abin da shi ya gano a gidansa, kuma maza da yawa sun fi saurin motsi a haka. Maganarsa cewa Allah ne mai tsarewa gaskiya ce, kada ki yi musu da ita. In zance ya kai can, shi ma ya san abin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi: ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Ki faɗa da taushi sau ɗaya ki bar shi.

Sayowa a ɓoye kuwa ban goyi baya ba. Hita ba abin da ake shigo da shi a jaka ba ne, sai an kawo ma'aikata cikin gidansa, sashen mahaifiyarsa, an taɓa wayoyin gidan. Zai ji kin nuna ya gaza a kan uwarsa, kuma wannan ciwon ya fi kuɗin hita daɗewa. In kina da niyyar taimakawa da adashenki, alheri ne babba, amma ki miƙa a fili bayan an ji ta bakin mai aiki: ga abin da ke hannuna, a haɗa, ko a matsayin gudummawa ko rance, yadda kuka saba a tsakaninku. Kada kuma ki bi ta wajen Hajiya don ta matsa masa. Ita abin da za a gaya mata kawai shi ne hitar ta samu matsalar wuta, an kashe, za a riƙa kawo mata ruwa.

Ki kuma sauƙaƙa masa da sanin cewa ba dole ne a sayi sabuwa a wannan makon ba. Abin da ya zama dole shi ne tsohuwar ta zauna a kashe. In kuɗi bai samu ba sai bayan wata biyu, ba laifi. Hunturun Kaduna daga Disamba zuwa Fabrairu ne yake cizo, kuma iyayenmu sun wuce shi da tukunya. A dafa ruwa a gas da dare a cika babban fulas a ajiye mata na alwalar asuba, na wanka kuma a dafa da safe a sirka a kai mata. Wahala ce a kanki, na sani, ki raba ta da manyan yaran, hidimar kakarsu ce. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a koma wa 'yar hitar nan ta tsomawa a bokiti. Ita ce mutane ke gudu gare ta in ta bango ta mutu, kuma a gidan da ke da yara da tsohuwa ta fi wadda kika kashe haɗari, domin hannu ɗaya cikin bokiti don a ji ko ruwa ya yi zafi ya isa.

Idan lokacin saye ya yi, kada a ce sai mai girman tsohuwar. Banɗakin mutum ɗaya mai wanka da bokiti, lita 15 ko 30 ta wadatar, ta fi araha, ta fi sauƙi a bango, ta fi saurin zafi. Ɗaga ruwa lita 50 daga digiri 20 zuwa 60 yana cin wuta kusan yunit 2.3, kuma da elemen mai wat 1,500 sai an yi awa ɗaya da rabi. Lita 30 yunit 1.4 ne cikin ƙasa da awa guda, lita 15 kuwa rabin haka. Ga wanda wuta ke zo masa tana ɗaukewa, wannan bambancin shi ne tsakanin samun ruwan zafi da rashinsa. In kuma layinku na Band A ne, wato rukunin da aka ware wa mafi yawan awannin wuta, a Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga farashi har yunit ɗaya ya haura naira 200, don haka lissafin zai shiga kunnen maigida. Irin wadda ba ta da tanki, mai dumama ruwa nan take, tana jan wuta ninki biyu ko fiye, tana son waya mai kauri da wuta mai ƙarfi, ban ba ku shawararta a tsohon wayarin ba. Ta hannu kuma, ko an goge ta tana ƙyalli, ba mai iya ganin cikin tankinta, kuma cikin ne ake saye. A zaga shago biyu ko uku a ji farashi, a karɓi rasit da takardar garanti, a buɗe kwali a ga bawul ɗin kariya na ciki.

Wajen ɗaurawa ne nake so maigida ya tsaya da kansa. A auna at ɗin gidan a gyara shi. A sa wa layin hitar irin birekar nan mai yanke wuta da kanta da zarar ta ji tana zurarewa, mai lamba 30mA a jikinta, wadda ke da ɗan maɓallin gwaji da ake dannawa lokaci-lokaci. Kuɗinta bai kai na hita ba, kuma ita ce ke tsayawa tsakanin tsagaggen elemen da hannun mutum. Makunni ya kasance mai yanke wayoyi biyu, a wajen banɗaki. A sa sababbin ƙugiyoyi a bango, kada a rataya a kan tsofaffin da ruwa ya shekara yana jiƙawa, domin kowace lita kilo ɗaya ce ban da nauyin ƙarfen. A cika ta da ruwa har ya fito ta famfon zafi kafin a kunna, in ba haka ba elemen ya ƙone a ranar farko, kuma haka za a kiyaye duk ranar da tankin sama ya ƙafe.

Tamostat a saita shi wajen digiri 60. Ƙasa da haka sosai, ruwa mai ɗumi-ɗumi da ke kwana a tanki yana raya ƙwayar cutar da ke kama huhu, sama da haka kuma ɓarnar wuta ce da haɗarin ƙuna. Ko a 60 ɗin ma ruwan yana sale fata cikin 'yan daƙiƙu, fatar tsoho da ta yaro kuwa ta fi saurin ƙonewa, don haka a saba wa Hajiya da yaran su fara tarar na sanyi sannan su ƙara na zafi. In tana da ciwon suga, ƙafa ba ta faye jin zafi da wuri ba, sai a riƙa sirka mata ana gwadawa da gwiwar hannu. Ko da komai sabo ne, a kunna ruwa ya yi zafi, a kashe, sannan a shiga.

Ranar da aka ɗaura, ki sa a rubuta kwanan wata da alƙalamin maka a gefenta, ki ajiye rasit tare da takardun gida. Bayan shekara biyu a kira mai aiki ya zubar da ruwan, ya wanke lakar da ta kwanta a ƙasa, ya duba sandar magnesiyam. Tsohuwar kuma a zubar da ruwanta kafin a sauke, a sayar wa 'yan gwangwan a matsayin ƙarfe, a huda ta ko a cire elemen ɗin tukuna don kada wani ya goge ta ya sayar wa wani gidan. Idan akwai wata hitar a banɗakinku da aka sa rana ɗaya da wannan, mai aikin ya auna ta ita ma kafin ya tafi. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ki gaishe min da ita.